Kiran Dandamali na Biyu

Jirgin yamma ya tashi, tasha ta koma shirunta. Ba wata babbar tasha ba ce. Ɗakin jira ne guda, da bencina na katako da suka sha zama har suka yi santsi, da agogon bango da ba ya rabo da latti, sai taga ɗaya inda ake yankar tikiti, a kuma amsa tambayar duk baƙon da ya sauka garin bai san gabas ba bai san yamma ba. A bayan tagar nan Malama take zama. Ina masauki? Malama. Ina ake samun mota zuwa ƙauye? Malama. An manta jaka a tarago, yaro ya ɓace, tsohuwa ta hau jirgin da ba nata ba? Duk Malama. Kowa haka yake kiranta, ita kuma ko a jikinta.

Mutum ɗaya ne in ya ce mata Malama take jin abin har cikin ƙashinta. Mahaifinta.

Baba ya yi aikin jirgin ƙasa tun yana saurayi. Shi ne mai ɗaga fitila a bakin layi, ja a tsaya, kore a wuce, har aikin ya cinye sunansa, duk gari Mai Fitila ake ce masa. Yanzu kuwa tsufa ya yashe masa tunani. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta da wanda za ta bar wa shi a gida, don haka kullum da safe ta riƙo hannunsa su taho tare. Yakan zauna a kusurwar baƙi, inda aka jera hotunan tsohuwar tasha da taswirar gari, ya ɗauko tsohuwar fitilarsa da aka ajiye don 'yan kallo, ya yi ta goge ta da gefen riga. Fitilar ba lagwani, ba mai. Duk fasinjan da ya shigo sai ya gaishe shi. In 'yarsa ta gifta, ita ma ya gaishe ta kamar kowa: "Malama, an yini lafiya?"

Akwai wani suna da ya sa mata tun tana rarrafe, wanda ko mahaifiyarta ba ta kiranta da shi. Shi kaɗai. Ta rantse ba za ta tuna masa ba. In ta faɗa ya maimaita, ai aku ne ya yi magana ba Baba ba. So take wata rana ya ɗago kai ya faɗe shi da kansa, kuma wallahi ba abin da take roƙo a duniya kamar wannan.

Abu ɗaya ne tsufa bai taɓa masa ba: lasifika. Da ta yi ƙara, sai ka ga tsoho ya miƙe zaune, kunne a buɗe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana amsa kiran lasifika, ina zai manta?

To, ita lasifikar nan tana da ƙa'ida. Ranar da Malama ta fara aiki, Iya mai shara, wadda ta girmi kowa a tashar har da agogon bango, ta jingina tsintsiya ta ce mata, "'Yar nan, duk wanda za ki kira, ki ce ya zo taga. Taga kawai. Kada ki kuskura ki tura ɗan kowa dandamali na biyu."

Dandamali na biyu yana tsallaken layi. An daɗe da rufe shi. Ciyawa ta cinye shi, rufinsa ya zube rabi, ƙarafan layinsa sun yi tsatsa.

"Saboda tsallaka layi, ko Iya?"

"Eh, saboda shi."

"Sai kuma me?"

"Sai kuma abin da ba a faɗa. Ke dai ki riƙe."

Ta kuwa riƙe, har zuwan sabon shugaban tasha. Wani matashi ne daga birni, mai yawan duba agogon hannu, wanda bai san komai ba sai "fasinja sarki ne". A safiyar ranar da nake ba ku labari, wani fasinja ya kai ƙara cewa ta ƙi yin sanarwa yadda ya ce. Shugaba ya tsaya a bakin taga yana ƙwanƙwasa katako da makulli.

"Malama, in fasinja ya ce ki kira, ki kira yadda ya ce. Ba ke za ki zaɓa masa ba. Na sake jin ƙorafi ɗaya, to tsohon nan ya daina zama mana a nan. Tasha ce, ba gidan raino ba."

Ta haɗiye maganar da ta zo mata, ta ce to. In aka hana Baba zama a nan, ina za ta kai shi? Ta kulle shi a ɗaki kamar akuya? Duk yinin ranar abin yana cin ta.

Shugaba ya hau babur ɗinsa tun da sauran rana. Iya ma ta tafi, ƙafa ta matsa mata. Magariba ta kawo jiki, ba kowa a tashar sai uba da 'ya.

Malama ta jawo marfin taga zuwa rabi, tana tattara tarkacenta. Sai ta ji wani wari. Hayaƙin kwal ne, haɗe da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta tsaya. Jiragen nan sun daina amfani da kwal tun kafin a haife ta, kuma rabon garin da ruwa an kwana biyu.

Gyare da ke kuka a bayan ɗakin ya yi tsit.

Ƙwas. Ƙwas. Farce a kan katakon taga.

Wata mata ce tsaye, gajera, lulluɓe da baƙin mayafi. Marfin tagar ya rufe rabin fuskarta, haɓa kawai ake gani da hannuwa biyu a kan katako. Hannuwan na yarinya ne, sumul. Daɓen ɗakin jiran nan kuwa na katako ne, ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara. Malama ba ta ji komai ba.

Kuma Baba bai gaishe ta ba. Yana ta gugar fitilarsa kamar ba wanda ya shigo.

"Sannu da aiki, 'yata." Muryar ta tsohuwa ce, can ƙasa-ƙasa.

"Yawwa, Inna, sannu. Ai jirgi ya wuce, sai gobe in Allah ya kai mu."

"Ba tafiya zan yi ba. Yarona ne ya ɓace mini."

Nan take tausayi ya danne tsoro. Ba abin da ke taɓa Malama kamar ɓatan yaro.

"Subhanallahi! Tun yaushe?"

"Ya daɗe."

"Babba ne? Me ya sa a jikinsa?"

"Ɗan ƙarami ne. Na ce ya tsaya in ɗebo ruwa. Na dawo ban same shi ba."

Malama ta jawo makirufo. "Yaya sunansa?"

"Ba ya amsa sunansa. Ki ce Ɗan Tsako. Haka nake kiransa."

"To. Sai in ce ya zo taga, ki zauna nan ki jira shi."

"A'a." Farcen ya sake taɓa katako. "Ki ce dandamali na biyu. Can na bar shi. Can ya sani."

"Inna, ba ma kiran mutum can. Ki yi haƙuri, in ya zo nan..."

"Ashe gaskiya ne," matar ta ce a hankali. "Ba kya yi wa mutane yadda suke so. To shi ke nan. Gobe na ga shugabanku."

Malama ta waiga ta dubi Baba. Ya sunkuyar da kai, farin gashinsa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana hura wa gilashin fitila iska yana gogewa. Ta ce a ranta: jirgi ya riga ya wuce, layi fayau yake, me zai faru? Yaro ne fa ya ɓace. Kai, rashin sani ya fi dare duhu.

Ta danna maɓalli. Lasifika ta yi ƙara a ɗakin jira da kan dandamali.

"Ɗan Tsako. Ɗan Tsako. Ka zo dandamali na biyu, Innarka tana jiranka."

Ta maimaita, kamar yadda aka saba. Ta saki maɓalli ta ɗago kai.

Ba kowa a taga.

Benci ya yi ƙara.

Baba ne tsaye, fitila a hannu, fuskarsa ta washe. Ya buɗe baki, muryar da ta fito ba tasa ba ce. Muryar ƙaramin yaro ce, siririya, mai rawa.

"Na'am, Inna! Ga ni nan zuwa!"

Malama ta miƙe zumbur. Ba ta taɓa ganin kakarta ba, ta rasu Baba yana yaro. Ba ta taɓa jin wannan suna ba. Ta ina za ta ji?

"Baba! Zauna!"

Ina! Tsohon da sai an riƙe shi yake sauka matakala, ya fice da sauri kamar an kira shi cin abinci.

Ƙofar ofis a gefe take, kuma a kulle. Makulli ya faɗi. Ta lalubo shi. Ta buɗe, ta zagaya, ta fita da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a baya.

A waje sama ta yi ja, jan na komawa baƙi. Iska ba ta motsi.

Akwai jirgi a dandamali na biyu.

Ba ta ji shigowarsa ba. Ba ƙara, ba fitila. Tsofaffin taragai ne na katako, baƙaƙe, ciyawa ta ratsa tsakanin ƙafafunsu ba ta ko kwanta ba. Hayaƙi na fita daga kansa yana tsayawa cak a sama. A kowace taga akwai mutane zaune. Ba mai motsi. Dukansu sun juyo suna kallon tasha.

Matar tana bakin ƙofar tarago. Yanzu ba gajera ba ce. Kanta na gogar saman ƙofar.

Ta miƙo hannu.

Baba ya riga ya sauka kan tsakuwa. Malama ta dira ta cafke hannun rigarsa.

"Baba, tsaya! Don Allah tsaya!"

"Malama, sake ni," ya ce da wannan muryar ta yaro. "Inna na kira. In na daɗe za ta yi faɗa."

Ya fizge. Ƙarfin ba na tsoho ba ne. Ta faɗi, gwiwarta ta daki tsakuwa, ta ji ɗumin jini.

Ya tsallaka ƙarfen farko.

"Baba, ni ce fa! Ni ce..."

Sunan nan ya zo mata har leɓe. In ya ji shi ko zai waiwayo. Amma kafin ta furta, sai ta ga kan matar ya karkato. Mutanen da ke tagogi duk suka matso da fuskokinsu jikin gilashi.

Saurare suke.

Ba ta san dalili ba, ta dai haɗiye shi.

Ya tsallaka ƙarfe na biyu.

A nan ne abin ya faɗo mata. Ba hannu ne ya fitar da shi ba, ba kuwa hannu ne zai dawo da shi ba. Lasifika ce.

Ku tuna fa, lasifikar tana ofis. Sai ta juya wa mahaifinta baya. Sai ta bar shi yana tafiya wurin wannan abu, ita ta gudu wani gefe. Ba ta taɓa yin abu mai wuya kamarsa ba.

Ta juya. Ta ruga.

Ofis ya yi duhu, ƙwan lantarki ya mutu. Ta laluba. Makirufo ya yi ɗumi kamar yanzu wani ya sake shi. Daga lasifikar ɗakin jira tana jin numfashi, a hankali, shiga da fita.

Ta ɗaga marfin taga. Ta ƙofar ɗakin jira tana hango shi. Ya kai. Ƙafarsa ɗaya tana kan matakalar tarago.

Ta danna maɓalli. Ba ta ce Baba ba. Baba ba ya nan. Ta tattaro muryar da take jin tsofaffin shugabannin tasha suna yi tana yarinya, ta daka tsawa.

"Mai Fitila! Mai Fitila! Wa ya ce ka bar bakin aikinka?"

Ƙafar ta tsaya.

"Mai Fitila! Jirgi na tsaye a layi na biyu, ba mai sallamarsa! Ka sauka ka koma wurinka yanzu-yanzu!"

Matar ta sunkuyo, ta sunkuyo, har bakinta ya kai kunnensa. Tana magana. Ta daɗe tana magana. Baba ya dafe goshi, ya girgiza kai.

Ya janye ƙafarsa.

Ya juyo. Tafiyar tsoho ta dawo masa, yana jan ƙafa, yana tuntuɓe da tsakuwa. Malama kamar ta fita ta sungumo shi, amma ta san in muryarta ta yanke, ya tafi ke nan. Ta ci gaba.

"Yawwa, Mai Fitila. Taho. Taho wurinka."

Hannun matar ya biyo shi. Ita tana bakin ƙofa ba ta gusa ba, hannun ne ke tafiya. Ya ratso ciyawa. Ya tsallako ƙarfe. Yatsun suna shafar bayan rigarsa.

Baba ya hau dandamali na ɗaya da rarrafe. Ya miƙe a daidai gindin ginshiƙin da ya saba tsayawa a zamanin aikinsa.

Yatsun suka kama gefen rigar.

"Ba shi kore!" Malama ta ƙwalla, muryarta ta fashe. "Mai Fitila, sallame shi! Ba shi kore!"

Ya ɗaga fitila sama.

Fitilar da ba lagwani, ba mai, ta kama. Kore shar.

Jirgin da aka ba kore ba ya tsayawa, ko na wane ne. Taragai suka motsa, ba ƙara. Hannun ya saki rigar, ya ja baya cikin ciyawa kamar igiyar guga. Fuskokin suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kallon tagar Malama. Can nesa aka yi wani siririn usur, kamar kukan jariri a gidan maƙwabta.

Gyare ya ci gaba da kukansa. Ƙwan lantarki ya dawo.

Ta shigo da shi ta zaunar a benci. Jikinsa sanyi ƙalau, rigarsa na warin kwal. Ta durƙusa tana murza masa hannuwa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ba ta kai ƙarshenta. Fitilar na gefe, a mace kamar kullum.

"Malama," ya ce da muryarsa ta tsufa, "matar nan ba Innata ba ce."

"Na sani. Ba ita ba ce."

"Innata ba ta roƙo. Wannan kuwa roƙona ta yi ta yi."

"Me ta ce maka?"

"Ta ce in ba zan zo ba, in ba ta wani. Ta ce ai ina da 'ya." Ya ƙura wa daɓe ido. "Ta ce in faɗa mata sunan da nake kiran 'yar tawa da shi. Wanda in an kira ba ta iya ƙin zuwa."

Malama ta riƙe hannuwansa gam.

"Ka faɗa mata?"

Ya girgiza kai. Hawaye ya gangaro ya shige cikin gemu.

"Na nema, Malama. Wallahi na nema, na nema, ban same shi ba. Wane irin uba ne zai manta sunan 'yarsa?"

Ta rungume shi ta yi kuka, kukan da ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Washegari Iya mai shara ta dubi gwiwar Malama, ta dubi tsoho a benci, ta jingina tsintsiya.

"Kin kira, ko?"

"Na kira, Iya."

"Aka kuma dawo miki da shi. To ki gode wa Allah, ba kowa ke samun haka ba." Ta ɗauki tsintsiyarta. "Sai dai su ba sa gajiya da jira. Shi ne aikinsu."

Daga ranar, duk wanda Malama za ta kira, taga take cewa. Shugaba ya yi faɗansa har ya gaji, ta dube shi ido cikin ido ta ce in korarta zai yi ya kore ta, sai ya ƙyale ta. Da jirgin yamma ya tashi kuma, abin da take fara yi shi ne ta zare wayar lasifika daga bango.

Wata yamma, an kwana biyu da faruwar abin, ta zare wayar ta fito da ita a hannu tana naɗewa. Baba ya ajiye fitila. Ya ɗago kai ya dube ta. Ba irin kallon da yake yi wa fasinja ba. Idanunsa sun washe tar, irin na da, irin na ranakun da yake dawowa daga aiki ya ɗaga ta sama.

"Ke..." ya ce. "Ke ce? Tsaya, tsaya. Ikon Allah! Na tuna. Ai ke ce..."

A saman kansu lasifika ta yi wata 'yar ƙara. Sai numfashi, a hankali.

Wayar tana hannunta.

Ta tafi da sauri ta ɗora tafin hannunta a bakinsa. Tana jin leɓensa na motsi a cikin tafinta, yana faɗin abin da ta daɗe tana roƙon Allah ta ji. Ta danne. Ta rufe ido.

"Malama ce, Baba," ta raɗa masa. "Malama ce kawai."

Ta riƙe har leɓen ya daina motsi. Numfashin da ke sama ya ɗauke. Da ta janye hannunta, hasken nan ya riga ya tafi daga idanunsa. Ya laluba ya ɗauki fitilarsa, ya dube ta cikin ladabi.

"Malama, an yini lafiya?"

"Lafiya lau, Baba," ta ce. "Tashi mu tafi gida."